Idon da Ya Rasa Hawaye: Ba Kullum Hunturu Ne Mai Laifi Ba

 Yau za mu yi magana a kan hawaye.

Kowa ya san hawayen kuka. Amma akwai wasu hawaye ƴan kaɗan da ke kwance a kan ido dare da rana, ba ma ganinsu, ba ma jinsu. Su ne ke tsare ganinmu. Idan suka ƙafe, ido yana cikin haɗari.

A zagayen da muke yi na azuzuwan yaƙi da jahilci, daga Matankari zuwa Kiyeshe, daga Kore Mairuwa zuwa Gesheme, muna yawan jin kuka iri guda daga bakin iyayenmu mata. Sukan ce: ido na yi mini kamar an zuba rairayi, in na dubi allo sai ya ɗauki raɗaɗi. Wasu daga cikinsu sukan bar aji saboda haka. Jama'a kan ce hunturu ne, zai wuce. Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai wadda hunturu zai wuce, bazara ta wuce, damina ta sauka, idonta yana nan a bushe. Wannan ciwo ne mai suna, kuma likitoci sun san shi. Ba a warkar da shi kwata-kwata, amma ana iya ceton ido idan an farga da wuri.

Aikin hawaye a ido

A gaban baƙin ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashi. Ta nan haske ke shiga. Bari mu kira ta tagar ido. Kaurinta bai wuce rabin milimita ba sai kaɗan. Babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinta. Ta hanyar hawaye take samun iskar da take buƙata.

Hawayen da ke rufe wannan taga abu uku ne a haɗe. Na farko majina ce ƴar siririya wadda ke manne hawaye da ido. Na biyu ruwa ne, wanda ke fitowa daga wata ƴar maɓuɓɓuga da ke ƙarƙashin gira, ta gefen kunne. Na uku maiƙo ne, wanda ke fitowa daga ƙananan ƙofofi a bakin fatar ido, kusa da gindin gashi. Kowace fatar ido tana da irin waɗannan ƙofofi fiye da 20. Maiƙon shi ke hana ruwan bushewa da sauri, kamar yadda marfi ke tsare ruwan tulu.

Mutum yana ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti guda. Kowace ƙiftawa tana shimfiɗa sababbin hawaye, tana share ƙura. A shekarar 1922 wani masani ɗan Birtaniya, Alexander Fleming, ya nuna cewa a cikin hawaye akwai sinadarin da ke narkar da wasu ƙwayoyin cuta. Ashe hawaye ruwan wanki ne, kuma abinci ne, kuma magani ne.

Idan mutum ya ƙura wa takarda ko allo ko wayar salula ido, ƙiftawarsa tana raguwa ƙwarai. Shi ya sa mai busasshen ido ya fi jin zafi a lokacin karatu.

Ranar da masu gadi suka juya wa mai gida

A cikin jinin kowane mutum akwai sojojin jiki. Aikinsu shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta da suka shigo daga waje. Wani lokaci waɗannan sojoji sukan ruɗe, su kasa bambanta ɗan gida da baƙo. Sai su far wa wani sashe na jikin da ya kamata su tsare, kamar karen gadi da ya ciji uban gidansa.

A ciwon da muke magana a kai, maɓuɓɓugar hawaye da ta miyau suke far wa. Suna taruwa a cikinsu, su kumbura su, su lalata su sannu a hankali. Hawaye su ragu, miyau ya ragu.

Wani likitan fata na ƙasar Faransa, Henri Gougerot, ya ba da labarin masu irin wannan bushewa a 1925. A 1933 wani likitan ido na ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, ya yi cikakken bayanin ciwon bayan ya duba mata 19. Ana faɗin sunansa kamar Shogiren. Don haka likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci sukan rubuta Gougerot-Sjögren a kan takardar mai jinya. Wanda ya ga wannan suna a takardarsa, ya san abin da ake nufi.

A cikin mutum 10 masu wannan ciwo, kusan 9 mata ne. Ya fi bayyana daga shekara 40 zuwa sama. Wani lokaci shi kaɗai yake zuwa. Wani lokaci kuma yana biyo ciwon gaɓoɓi, irin wanda ke kumbura yatsun hannu biyu, ya sandarar da su da safe.

Ba a ɗaukarsa daga wani. Cin abinci a ƙwarya guda ko kwana ɗaki guda ba ya sa shi. Ba sammu ne ba, ba kambun baka ne ba. Talauci ma ba shi ke kawo shi ba. A 2011 shahararriyar ƴar wasan tanis ta Amurka, Venus Williams, ta shaida wa duniya cewa tana da shi. Ta nemi magani, ta koma fili, har ta kai wasan ƙarshe na manyan gasa biyu a 2017.

Alamomin da za a lura da su

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowa ya auna kansa da waɗannan alamomi:

1. Ido a bushe kowace rana, fiye da wata 3.
2. Jin kamar rairayi ko tsakuwa a ido, alhali babu kome a ciki.
3. Raɗaɗi da ja, da ƙin haske. Gani yana dushewa, in an ƙifta ya washe, ya sake dushewa.
4. Kwantsa mai yauƙi kamar zare, musamman da safe.
5. Baki a bushe. Ba a iya haɗiye ƙuli-ƙuli ko burodi ko gyaɗa sai da ruwa. Ana tashi cikin dare don a jiƙa maƙogwaro.
6. Haƙora suna ruɓewa da sauri, ga wadda a da haƙoranta lafiya lau.
7. Kumburi a gaban kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi, yana zuwa yana tafiya.
8. Ciwon gaɓoɓi da gajiya mai yawa. Wasu mata kan ji bushewa har a gabansu.

Alama guda ba ta isa a yanke hukunci ba. Tsufa, da ɗaukewar al'ada, da ciwon sukari, da wasu magungunan mura masu sa barci, duk suna busar da ido. Amma idan busasshen ido ya haɗu da busasshen baki da ciwon gaɓoɓi, lokacin ganin likita ya yi.

Wani abin mamaki: mai busasshen ido yana iya zubar da ruwan ido a cikin iska, musamman a farkon ciwon. Zafin bushewa ne ke jawo shi. Ruwan yana gangarowa kumatu ba tare da ya kwanta a kan ido ba. Kada wannan ya ruɗi kowa.

Yadda tagar ido take lalacewa

Mu tuna da tabki a cikin rani. Idan ruwa ya janye, laka tana bushewa, ta tsage. Haka tagar ido take. Idan hawaye suka yi ƙaranci, gishirinsu yana ƙaruwa, yana ƙona fatar. Sai ƙananan kwarzane su bayyana a kanta, ɗigo-ɗigo kamar tsinin allura. Ido ba ya ganinsu, sai da na'urar likita. Duk lokacin da aka ƙifta, fatar ido tana gugar wurin a bushe, kwarzanen yana ƙaruwa.

A nan ne aikin gona ya shigo. Bayan girbi mata suna sussuka, suna shiƙa. Ƙaiƙayin hatsi yana tashi a iska. Maza suna yankan kara, suna ɗaurin dami, ganyen dawa yana shafar fuska. Idon mai lafiya yakan kawo hawaye nan take, ya wanke abin da ya faɗa. Busasshen ido ba shi da wannan gata. Ɗan ƙaiƙayi guda yana iya yankar tagar. Ƙwayoyin cuta da ke jikin tsiro su shiga ta wurin yankan, sai gyambo ya kama.

Gyambon ido yana fitowa kamar farin ɗigo a kan baƙin ido. Cikin kwanaki kaɗan yana iya faɗaɗa. In ya warke a makare, yakan bar hakiya wadda ke tare haske har abada. In ya yi tsanani, yakan huda tagar, ido ya tsiyaye. A masu ciwon gaɓoɓi mai tsanani, tagar tana iya sirancewa ko da ba a ji zafi sosai ba.

Don haka a riƙe wannan da kyau. Farin ɗigo a baƙin ido, ko zafi mai hana barci, ko kasa buɗe ido a haske, ko raguwar gani farat ɗaya: a tafi asibiti a ranar. Kada a jira ranar kasuwa.

Kada a rikita shi da ƴan'uwansa

A ƙasarmu akwai wasu abubuwa uku da ke busar da ido. Kowane da maganinsa.

Na farko hunturu ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kaɗowa daga gabas da arewa, busasshiya, ɗauke da ƙura. Leɓe yana tsagewa, ƙafa tana faso, ido ma yana jin jiki. Wannan yana shafar kowa, kuma yana sauƙi idan iska ta canja. Ba ya hana miyau.

Na biyu rashin bitamin A ne. Ya fi kama yara ƙanana da mata masu ciki. Alamarsa ta farko ita ce dundumi: da magariba yaro ya kasa ganin hanya. Daga baya farin ido ya bushe, wani abu kamar kumfar sabulu ya fito a kansa. Idan ƙyanda ko zawo suka haɗu da wannan rashi, tagar idon yaro tana iya narkewa cikin ƴan kwanaki. Tun 1997 Nijar ta fara haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakafin shan inna. Ana ba yara daga wata 6 zuwa wata 59, sau biyu a shekara. Rigakafinsa kuma yana cikin lambunanmu na Tabkin Saw da na Dallol Mawri: tamakka, wato zogale, da karas, da kabewa, da alayyafo, da mangwaro, da gwanda. A haɗa da hanta, da ƙwai, da man shanu. A riƙa sa ɗan mai a ganye, domin da mai ne jiki ke tsotsar wannan bitamin. Mace mai ciki kada ta sha ƙwayar bitamin A ta yara, domin ƙarfinta yana iya cutar da ɗan da ke ciki.

Na uku amodari ne. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Ƙudaje da hannu da tsumma ke yaɗa shi daga idon yaro zuwa na wani. Idan ya yi ta maimaituwa tun ƙuruciya, yakan bar tabo a cikin fatar ido. Tabon yana toshe hanyoyin hawaye, yana kuma lanƙwasa gashin ido ciki, ya dinga sosa taga. Maganin gashin shi ne ƙaramin aiki a asibiti. Tsige shi da hantsaki sauƙi ne na ƴan kwanaki kawai. Amodari ciwo ne da ake iya korewa: a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa maƙwabtanmu Benin da Mali sun karya lagonsa.

Bambancin ke nan. Abinci yana tsare yaro daga dundumi. Wanke fuska da tsabta suna tsare shi daga amodari. Ciwon Shogiren kuwa daga cikin jiki yake tasowa. Bitamin A ba ya warkar da shi, man shafawar amodari ma ba ya ƙera hawaye.

Abin da za a tarar a asibiti

A fara da cibiyar lafiya mafi kusa, wato CSI, ko asibitin gunduma na Dogondutsi. Daga nan ne ake tura mutum inda masanin ido yake, a babban asibitin jiha na Doso ko a asibitocin ƙasa na Yamai. A tafi da dukan magungunan da ake sha. A gaya wa likita labarin baki da na gaɓoɓi, ko da bai tambaya ba. Mutane da yawa suna kai ido wuri guda, haƙori wani wuri, gwiwa wani wuri, babu wanda ya ji labarin a haɗe.

Awon ba mai wuya ne ba. Likita yana saƙala ƴar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa, a jira minti 5. Idan jiƙewar ba ta wuce milimita 5 ba, hawaye sun yi ƙaranci ƙwarai. Yana kuma ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa, ya haska da shuɗiyar fitila. Duk inda taga ta kwarzane sai ya fito kore. Akwai kuma awon jini da ke nuna ko sojojin jiki sun juya.

Babban magani shi ne hawayen kwalba. Ruwa ne da aka haɗa don ya yi kama da hawayen mutum. Ana ɗigawa sau da yawa a yini, kowace rana, yadda likita ya tsara. Da dare akan sa mai kauri. Idan ciwon ya yi ƙarfi, akwai maganin ɗigawa da ke kwantar da kumburi. Likita yana iya toshe ƴar ƙofar da hawaye ke tsiyayewa zuwa hanci, don kaɗan ɗin da ke akwai ya daɗe a ido.

Mace mai wannan ciwo, in ta sami ciki, ta faɗa a wurin awo tun farko. Kumburin gaban kunne da ya ƙi sacewa, shi ma a nuna wa likita.

Abin da za a yi a gida da gona

1. A tafasa ruwa, a bar shi ya koma ɗumi. A jiƙa tsumma mai tsabta, a rufe ido, a ɗora minti 5 zuwa 10, safe da yamma. Ɗumin yana narkar da maiƙon fatar ido.
2. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido ko kwalbar magani. Kada bakin kwalba ya taɓa ido. Kwalbar da aka buɗe, a yar da ita bayan wata guda. Ba a aron ta.
3. Wurin shiƙa, a ba iska baya. Mai busasshen ido ta sa tabarau, ko ta yi musayar aiki da wata.
4. Mai hawan babur ko amalanke a cikin ƙura, ya sa tabarau mai rufe gefe.
5. A yi girki inda iska ke ratsawa, da busasshen itace. Murhu mai tsimin itace yana rage hayaƙi.
6. In abu ya faɗa ido, kada a murza. A kwarara ruwa mai tsabta da yawa. In zafi ya kwana, a tafi asibiti.
7. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. A rage sukari a shayi da koko. A goge haƙora safe da dare, domin bakin da ba miyau ba ya kare haƙori.
8. A aji, bayan kowane minti 20 a ɗaga kai daga takarda, a dubi nesa, a ƙifta ido sau 10. Malamai su zaunar da masu wannan larura nesa da taga da ƙurar alli.

Abin da za a guje wa

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ido da yawa sun mutu a hannun mai neman taimako. Ruwan ganye, ruwan albasa, lemun tsami, ruwan sukari, nonon mace, fitsari, garin taba: kada ɗayansu ya shiga ido. Wasu suna ƙona taga, wasu suna ɗauke da ƙwayoyin cuta zuwa cikin kwarzane.

A yi hattara da maganin ɗigawa na ƴan talla a kasuwa. Akwai irin da ke kawar da jan ido cikin kwana biyu, mutum ya ji daɗi. Da yawansu suna ɗauke da sinadari mai suna kotizon ko danginsa. Idan akwai gyambo, yana rura shi. Idan an daɗe ana sawa, yana kawo hawan jinin ido da yana. Likita kaɗai ke da ikon rubuta shi, kuma shi zai sa ido a kai.

Kwalli ado ne da muka gada. Amma irin na dutse yana ɗauke da dalma, garinsa kuma yana toshe ƙofofin maiƙo. Mai busasshen ido ta haƙura da shi. Kada a sa wa jarirai. Kada mutum biyu su yi amfani da tsinken kwalli guda.

Kira ga masu gida

Mafi yawan masu wannan ciwo mata ne, kuma sau da yawa kuɗin mota da izinin tafiya suna hannun maza. Matar da ta ce idonta na yi mata zafi wata da watanni, ba ragwanci take yi ba. Kuɗin zuwa Doso bai kai asarar ido guda ba. Uwar gida in ta rasa gani, daka da girki da reno da lambu duk sun tsaya, yarinya kuma a fitar da ita daga makaranta ta zama ƴar jagora. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa uku ne suka haɗu suka zama hawaye?
2. Ta yaya za mu bambanta bushewar hunturu da ciwon Shogiren?
3. Waɗanne alamomi huɗu ne ke sa a tafi asibiti a ranar?
4. Me ake sawa a ido a garinku idan ya yi ja? Wane ne a ciki ya kamata a bari?

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa mahaifiyarsa da matarsa da maƙwabciyarsa. Amfanin ilimi aiki da shi. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.